Mujallar Kwani? ta Kenya da kyaututtukan da suka biyo ta: tambayoyi da amsoshi

Duk mai bibiyar adabin Afirka da ake rubutawa da Turanci ya sha cin karo da sunan Kwani? a tarihin marubuta. Za ka ga an ce wance a can ta fara, wane shi ne editanta, littafi kaza daga gasarta ya fito. Ga amsoshin tambayoyin da masu karatu suka fi yi a kan wannan mujalla da karramawar da ita da marubutanta suka samu.

Wace mujalla ce Kwani?, kuma wa ya kafa ta?

Mujallar adabi ce da aka fara bugawa a Nairobi, babban birnin Kenya, a shekarar 2003. Marubuci Binyavanga Wainaina, haifaffen garin Nakuru, shi ne editanta na farko, amma ba shi kaɗai ya haife ta ba. Akwai taron matasan marubuta da 'yan jarida da masu zane da ke haɗuwa suna tattaunawa, sau da yawa a lambun gidan ɗan jarida Ali Zaidi, suna kokawa kan abu guda: kamfanonin ɗab'i na ƙasarsu sun karkata ga littattafan makaranta, domin a nan kasuwa take, sabon marubuci kuwa ba shi da inda zai kai labarinsa. Lokacin ma ya taimaka. A ƙarshen 2002 ne mulkin Shugaba Daniel arap Moi na shekara 24 ya ƙare, mutane suka ji bakinsu ya buɗe.

Da aka buga ta, ba ta yi kama da mujallun jami'a ba. Kowane bugu kauri gare shi kamar littafi, kuma a ciki za ka tarar da gajeren labari, waƙa, hira, zanen barkwanci, hotuna, har da rubutu da Sheng, wato harshen matasan Nairobi da ya cakuɗa Swahili da Turanci da sauran harsunan ƙasar. Ƙungiyar da ke fitar da ita sunanta Kwani Trust. Daga baya Billy Kahora ya karɓi ragamar edita, ya kuma daɗe a kanta.

Gaskiya ne da kyauta aka fara ta?

Akwai gaskiya a ciki. A 2002 Binyavanga ya ci kyautar Caine ta Birtaniya, wadda ake ba gajeren labari mafi fice da ɗan Afirka ya wallafa da Turanci. Labarinsa, Discovering Home, na wani saurayi ne da ya dawo gida Kenya daga Afirka ta Kudu, sannan ya bi danginsa zuwa Yuganda wajen kakanninsa na wajen uwa. Abin lura shi ne ba a takarda aka fara buga shi ba. A wata ƙaramar mujallar intanet mai suna G21 ya fito, a zamanin da manyan masana ba su ɗauki rubutun intanet da daraja ba.

Kyautar ta ba shi abin hannu, ta kuma ba shi abin da ya fi kuɗin amfani, wato suna. Wanda jiya ake ganinsa matashi mai surutu, yau idan ya buga waya ana ɗauka. Da wannan sunan ya ƙwanƙwasa ƙofofi, Gidauniyar Ford ta Amurka ta zama babbar mai ɗaukar nauyin aikin. Kenan kyautar ta riga mujallar zuwa duniya, kuma ita ta share mata hanya.

Wane labari ne daga shafukan mujallar ya ci kyautar Caine?

Weight of Whispers na Yvonne Adhiambo Owuor, a 2003. A bugun farko na mujallar ya fito, shi ya sa abin ya girgiza mutane: mujalla ko rarrafe ba ta fara ba, ga shi labarinta ya doke na ko'ina a nahiyar, kuma Kenya ta ɗauki kyautar shekara biyu a jere.

Labarin ya cancanta. Wani ɗan gidan sarauta ne daga Ruwanda ya tsero zuwa Nairobi a lokacin kisan kiyashin 1994, tare da mahaifiyarsa da ƙanwarsa da budurwar da zai aura. Ya sauka a babban otal yana ganin kwana kaɗan zai yi ya wuce Turai, inda yake da abokai da mutunci. Sai kwanaki suka yi ta tafiya. Ofisoshin jakadanci suka ƙi ba shi biza, abokan da yake kira suka daina amsawa, kuɗi ya ƙare, aka koma ɗakin haya a unguwar talakawa, aka shiga sayar da kayan ado ɗaya bayan ɗaya. Sannan raɗe-raɗi suka fara yawo a tsakanin 'yan gudun hijira cewa sunansa na cikin jerin waɗanda ake zargi da hannu a kisan. Marubuciyar ba ta wanke shi ba, ba ta kuma yanke masa hukunci ba. Ta bar mai karatu a cikin kan mutumin da ya saba a rusuna masa, yau kuma ɗan sanda ke tare shi a titi yana tambayarsa takarda. Labari ne mai tsawo, mai nauyin harshe, irin wanda jarida ba za ta ba shi fili ba. Da babu mujallar da ta yarda ta ba shi shafuka masu yawa haka, da alƙalan gasar ba su gan shi ba, domin ƙa'idar Caine ita ce sai labarin da aka riga aka wallafa, kuma mai wallafawar ne ke aika shi, ba marubucin ba.

Wannan ƙa'ida ce ta sa nake ganin duk kyautar Caine rabinta na wanda ya buga labarin ne, ko da ba a kira sunansa a wajen biki ba.

Owuor ba ta tsaya nan ba. Littafinta Dust, wanda Kwani Trust ta buga a Kenya a 2013, ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Folio a Birtaniya a 2015, ya kuma ci kyautar adabi ta Jomo Kenyatta a gida a wannan shekarar.

Ita mujallar da kanta an taɓa karrama ta, ko marubutanta kawai?

An karrama ta. A 2010 Gidauniyar Yarima Claus ta ƙasar Holan ta sa Kwani Trust cikin waɗanda ta ba lambar yabonta ta shekara. Wannan gidauniya tana duba mutane da ƙungiyoyin da aikinsu na al'ada ya kawo sauyi a inda suke, musamman a Afirka da Asiya da Latin Amurka. Babbar kyautar shekarar ta tafi ga kamfanin ɗab'i na Barzakh da ke Aljeriya. A shekarar da ta biyo baya kuma Ntone Edjabe, wanda ya kafa mujallar Chimurenga a Afirka ta Kudu, shi ya karɓi babbar kyautar. Wato a cikin shekara biyu gidauniyar ta nuna cewa masu buga rubutu ma sun cancanci a tsaya a yaba musu.

Irin wannan karramawa ba ta da yawa. Kyaututtukan adabi kusan duka sunan mutum ɗaya suke kira. Wanda ya karanta tarin rubuce-rubucen da aka aiko, ya zaƙulo guda, ya zauna da mai shi suna gyara sakin layi bayan sakin layi, ya yi ta ciniki da maɗaba'a kan kuɗin takarda, shi ba ya hawa dandamali.

Duk 'yan Kenya da suka ci Caine daga Kwani? labaransu suka fito?

A'a, kuma ya kamata a daidaita wannan magana, domin ana yawan jingina wa mujallar abin da ba nata ba. Bayan Binyavanga da Owuor, Okwiri Oduor ta ci a 2014, Makena Onjerika a 2018, Idza Luhumyo a 2022. Labarin Oduor a wani kundi da aka buga a Afirka ta Kudu ya fito, na Onjerika kuma a mujallar Wasafiri ta Landan. Labarin da ya fito daga shafukan Kwani? kai tsaye ya ci kyautar shi ne na Owuor. A 2004 kuma labarin Parselelo Kantai da mujallar ta buga ya kai zagayen ƙarshe. Shi kansa Billy Kahora ya kai zagayen ƙarshe sau biyu, a 2012 da 2014, amma da labaran da wasu mujallu na waje suka buga.

Sai dai lissafin ba a nan ya ƙare ba. Da yawa daga cikin matasan marubutan Nairobi na wancan zamani sun ratsa ta taron karatun da ƙungiyar ke shiryawa a kai a kai, inda kowa ke iya hawa ya karanta waƙarsa, ko ta bikin adabinta da ke tara marubuta daga ƙasashe daban-daban, ko ta bitar koyon rubutu. A wata bita da Kwani Trust ta shirya tare da mujallar Granta da British Council a 2013 ne wasu matasa suka haɗu suka kafa ƙungiyar Jalada, wadda ita ma ta zama mujalla mai zaman kanta.

Mene ne labarin gasar littafi da ta shirya?

Wannan, a ganina, shi ne aikin da ya fi kowane daɗewa yana haihuwa. A 2012 Kwani Trust ta yi shela cewa duk ɗan Afirka da ke da ƙagaggen littafi da ba a buga ba ya aiko. Dalilinsu a fili yake: gajeren labari ya samu gasa da masu tallata shi, dogon littafi kuwa yana kwance a akwatunan mutane. Aka samu rubuce-rubuce kusan 280 daga ƙasashe 19. Marubuci Jamal Mahjoub, ɗan asalin Sudan, shi ya shugabanci alƙalai, kuma Helon Habila na cikinsu.

A 2013 aka sanar da sakamako. Jennifer Nansubuga Makumbi ta Yuganda ta zo ta ɗaya, Saah Millimono na Laberiya na biyu, Timothy Kiprop Kimutai na Kenya na uku. Littafin Makumbi, wanda aka buga a 2014 da sunan Kintu, ya faro ne daga masarautar Buganda a shekarun 1750, ya bi wata la'ana da ta faɗa wa wani basarake ta kuma bi zuriyarsa har zuwa zamaninmu. Littafi ne da bai tsaya yi wa baƙo bayanin komai ba. Sunaye na Luganda ne, dangantakar zuri'a a yadda mutanen wurin suka san ta, zamanin mulkin mallaka ma kusan tsallake shi ta yi. Makumbi na zaune a Ingila a lokacin, amma kamfanonin ɗab'i na can ba su karɓe shi ba, suna ganin zai yi wa masu karatunsu nauyi. Nairobi ce ta buga shi, mutanen Kampala suka yi rububinsa, sai daga baya aka buga shi a Amurka a 2017, a Birtaniya a 2018.

Daga nan kyaututtuka suka yi ta zuwa. Ta ci gasar gajeren labari ta ƙasashen Commonwealth a 2014. A 2018 ta samu kyautar Windham-Campbell da Jami'ar Yale ke bayarwa, mai ɗauke da dala 165,000. A 2021 wani littafinta ya ci kyautar Jhalak a Birtaniya. Duk wanda ya bi tsarin faruwar abin zai ga cewa masu karatu na gida ne suka fara shaidar littafin, na waje suka biyo sahu.

Waɗanda ba su zo na ɗaya ba fa, sun tashi a tutar babu?

Ko kaɗan. Cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe akwai Ayobami Adebayo ta Najeriya. Rubutun da ta shigar shi ne ya zama Stay With Me, wanda ya kai zagayen ƙarshe na babbar kyautar marubuta mata ta Birtaniya a 2017, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. Akwai Ayesha Harruna Attah ta Gana, akwai Toni Kan na Najeriya, su ma littattafansu sun fito daga baya. Shiga jerin kaɗai ya isa ya sa wakilan marubuta da kamfanoni su waiwayo.

An ce Binyavanga ya taɓa sukar kyautar da ta ɗaga shi. Haka ne?

Haka ne. A 2014, a wata hira da ya yi a Najeriya, ya ce marubutan ƙasar sun ba kyautar Caine muhimmancin da ya wuce kima, kuma ko da yake bai raina abin da ta yi ba, ba cibiyarmu ta 'yan Afirka ba ce. Abin da yake so shi ne a mai da hankali kan mujallu da kamfanonin ɗab'i da ke nan nahiyar. Maganar ta ta da ƙura. Wasu suka ce butulci ne, mutum ya hau tsani sannan ya ture shi. Wasu suka ce ai wanda ya shiga ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ni dai ban ga butulci a ciki ba, domin aikinsa ya riga bakinsa faɗa. Abin da ya samu daga Ingila ya kawo shi Nairobi ya gina wurin da wasu za su tsaya. Kuma ba wannan ne karon farko da ya nuna halinsa game da lambar yabo ba. A 2007 Taron Tattalin Arziki na Duniya ya sa shi cikin matasan shugabannin duniya da yake karramawa, ya rubuta musu ya ce ba ya so. Rubutunsa da ya fi shahara, How to Write About Africa, wanda Granta ta buga a 2005, bai ci wata gasa ba, amma har yau ana karanta shi a azuzuwan jami'a. Ya rasu a Nairobi a watan Mayun 2019 yana da shekara 48.

Shin kyaututtuka na sauya irin labarin da marubuta ke rubutawa?

Wannan muhawara ce mai tsawo, kuma tana da tushe. Idan matashi ya ga labaran da ke kai wa zagayen ƙarshe sun cika da yaƙi da yunwa da yaran titi, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka abin da alƙalai ke so kenan. Helon Habila, wanda shi ma ya ci Caine, ya taɓo wannan damuwa a wani sharhi da ya rubuta a jaridar Guardian a 2013. Amma ba za a ce wa marubuci kada ya rubuta wahalar da ya gani da idonsa ba. Tambayar ita ce don wa yake rubutawa.

A nan ne mujallar gida ke da amfanin da gasa ba ta da shi. Bayan zaɓen Kenya na Disamban 2007 rikici ya ɓarke, aka kashe mutum sama da 1,000, dubban ɗaruruwa suka rasa muhallinsu. Kwani? ta tura marubuta garuruwan da abin ya shafa, ta fitar da bugu na biyar kashi biyu, cike da shaidar waɗanda aka ƙona wa gidaje da ta wasu da suka ɗauki makami, da saƙonnin waya da aka yi ta yaɗawa a kwanakin, da hotuna. Ba don alƙalan wata ƙasa aka yi shi ba, kuma bai zo da kofi ba. Don 'yan Kenya aka yi shi, su ga abin da suka yi wa juna tun kafin 'yan siyasa su rufe zancen.

Akwai marubutan arewacin Najeriya da suka bi irin wannan hanya?

Akwai. Helon Habila ɗan Kaltungo ne a Jihar Gombe, kuma shi ya ci Caine a 2001, shekara guda kafin Binyavanga, da labari daga wani ƙaramin kundi da aka buga a Legas. A 2013 huɗu daga cikin biyar da suka kai zagayen ƙarshe 'yan Najeriya ne, cikinsu har da Abubakar Adam Ibrahim da Elnathan John, wanda labarinsa Bayan Layi a wata mujallar intanet ta Amurka ya fito. Tope Folarin ne ya ci a shekarar, da labarin da mujallar Transition ta buga. Elnathan ya sake kai wa zagayen ƙarshe a 2015, Abubakar kuma ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya da kamfanin NLNG ke ɗaukar nauyi a 2016, mai dala 100,000.

Labarin da aka rubuta da Hausa zai iya shiga gasar Caine?

Zai iya, idan an fassara shi zuwa Turanci an kuma wallafa fassarar. An taɓa yi da wani harshe: a 2017 Bushra al-Fadil na Sudan ya ci da labarin da ya rubuta da Larabci, aka raba kyautar fam 10,000 tsakaninsa da mai fassara, shi 7,000, mai fassarar 3,000. Abin da ake buƙata shi ne mai fassara da ya ƙware a harsunan biyu, da mujalla ko kamfanin da zai buga ya kuma aika. A 2016 Jalada ta nuna cewa hanyar na iya juyawa ta ɗaya ɓangaren, lokacin da ta ɗauki wani gajeren labari da Ngugi wa Thiong'o ya rubuta da Gikuyu ta sa aka fassara shi zuwa harsunan Afirka sama da 30, har da Hausa.

Gasa kam ba baƙuwarmu ba ce. Daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 aka samu littattafan farko na ƙagaggen labarin Hausa na boko, kuma tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke gudanar da Hikayata ta mata. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mujallar adabi mai fitowa a kai a kai, mai edita da zai mayar wa marubuciya labarinta ya ce shafi na uku bai nuna ba, a sake.

Da duk wannan yabo, me ya sa yanzu ba a cika jin ɗuriyar mujallar ba?

Domin lambar yabo ba ta biyan kuɗin maɗaba'a. Tun farko Kwani? ba ta fitowa a kan ƙayyadadden lokaci, wani bugun sai an shekara biyu ana jira. Bugu mai kauri haka yana da tsada, shagunan littattafai a yankin ba su da yawa, kai littafi daga Nairobi zuwa Legas ko Akara kuwa ya fi kai shi Landan wuya. Kuɗin da ake samu daga sayarwa bai taɓa isa ya riƙe ma'aikata da ofis da biki ba, don haka aikin ya dogara da tallafin gidauniyoyin waje. Su kuma gidauniyoyi suna sauya abin da suka sa a gaba bayan 'yan shekaru. Da tallafi ya ja baya a rabin ƙarshe na shekarun 2010, ayyukan ƙungiyar suka ragu ƙwarai.

Marubutan da ta fito da su suna nan suna bugawa a manyan kamfanonin Landan da New York, wasunsu suna koyarwa a jami'o'i. Matasan da suka biyo baya kuma mafi yawansu intanet suka koma, inda babu kuɗin takarda: Jalada, da Lolwe da aka kafa a Kenya a 2020, da Doek! ta Namibiya. Su ne yanzu ke karɓar labaran sababbin marubuta, suna gyarawa, suna aika wa alƙalan gasa a kowace shekara.